Minti Bakwai a Littafin Baba

Na ga saƙonninku. Baiwar Allah da ta rubuto cewa mace mai shekara ashirin da tara ba ta da bakin zaɓe, na gode, Allah Ya ƙara basira. Wanda kuma ya ce in turo masa lambar Injiniya domin yana da ƙanwa, ka daure ka karanta na yau tukuna. In ka gama kana so, har adireshin gidansa zan haɗa maka.

Waɗanda yau suka shigo, ga inda aka tsaya. Ni ce auta a gidanmu, ni kaɗai na rage da Baba tun rasuwar Mama. Ina aiki a wani kamfani da ke riƙe wa ƙananan asibitoci sakamakon gwaji. A ɗebi jininka da safe, ɗakin gwaji ya turo sakamako, na'urorinmu su karɓa su miƙa wa likitanka. Ni aikina sa ido. Kowace na'ura tana da abin da muke kira log, wato littafin da take rubuta duk abin da ya same ta, layi bayan layi, da awa da minti da daƙiƙa. Na karɓa. Na tura. Na kasa. Na sake gwadawa. Na kasa. Na'ura ba ta san kunya ba, ba ta san kara ba, shi ya sa zama da ita ya fi mini sauƙi a kan zama da rabin dangina.

Injiniya shi ne ya sayar wa kamfaninmu allon sa ido. Wata shirgegiyar talabijin ce a bango, tana tattaro log ɗin duka na'urori ta mayar da su akwatuna. Kore, lafiya. Ja, matsala. A ƙarƙashin allon nan ya fara ganina, sati bai zagayo ba ya gano gidanmu, ya gano Gwaggo, ƙanwar Baba. Tun daga ranar Gwaggo ta tare a gidanmu da akwati biyu da wani murmushi da ban taɓa sanin tana da shi ba.

Gwaggo ma tana da nata allon a ka. Mota? Kore. Kwat mai ruwan toka da agogon da ke leƙowa daga hannun riga? Kore. Yana rusunawa ya ce mata Mama? Kore biyu. Ranar da na ce mata na ga ya zagi mai gadinmu har dattijon ya cire hula yana ba shi haƙuri, sai ta ce, "Wannan ai ba labari ba ne, Auta. Ki kawo wani."

To, sati uku ke nan da wayar ofishinmu ta fara ruri da tsakar rana. Tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya, kullum.

"'Yar'uwa, don Allah ki duba mana," in ji wata nas ranar Talata, muryarta ta dushe. "Mata ce zaune a benci tun takwas da jariri yana zazzaɓi. Ɗakin gwaji sun rantse sun tura. Likita bai ga komai ba."

Na ɗaga kai. Allo kore shar, kamar gonar da aka yi wa ban ruwa.

Na je na sami Manaja. Mutum ne da ya yi imani da abu biyu a duniya, na'urar sanyaya ɗaki da allon Injiniya. Yana cin biskit yana kallon allon ta gilashin ofishinsa kamar mai kallon jikansa.

"Yallaɓai, asibiti na shida ke nan yau."

"Me allo ya ce?"

"Kore."

"To su gyara intanet ɗinsu. Ke kin san sati uku ke nan ba mu ga ja ba? Sati uku! Kafin nan kullum ja, kullum hawan jini. Mutumin nan ya kawo mana zaman lafiya." Ya kanne ido. "Kuma na ji har gida zai kai zaman lafiyar."

Na yi dariyar da ake yi wa mai sa hannu a takardar hutu, na fito.

Maimakon in koma gaban allo, sai na bar shi da kyansa na shiga cikin na'urar da ke karɓar sakamako kai tsaye, na buɗe log ɗinta ɗanye, wanda ba a yi wa kwalliya ba. Jama'a, kuka take yi. Da an kai sha biyu, lokacin da duka asibitoci ke turowa gaba ɗaya, sai ma'ajiyarta ta cika. Na kasa. Na kasa. Na zubar. Na ƙirga waɗanda ta zubar a sati uku, sakamakon mutum ɗari uku da sha biyu. Duk ta rubuta, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Amma ko layi ɗaya bai isa allo ba.

Na bi hanyar da layukan ke bi, sai na tarar da rariya a tsakiya. Wani ya rubuta umarni gajere, duk layin da ke ɗauke da gazawa a watsar da shi kafin ya kai bango. Ba a gyara ciwon ba, bakin mara lafiyan aka ɗaure.

Akwai wani log ɗin kuma da ke rubuta wanda ya taɓa me. Na buɗe shi ina huci, ina shirin ganin sunan wanda zan ci wa mutunci.

Sunana na gani. Asabar, ƙarfe huɗu da minti ashirin da huɗu na yamma, daga kwamfutar aikina, daga gidanmu.

Wallahi sai da na karanta sau huɗu. Ita dai na'ura ba ta sauya magana don an zare mata ido.

Ban kai ga tashi ba aka ce Manaja na kira. Ashe shi ma asibitoci sun fara kiran wayarsa ta gida, ya kira Injiniya, Injiniya kuma cikin minti goma ya gano mai laifi. Na tarar da Injiniya zaune ya ɗora ƙafa kan ƙafa, takalminsa na ɗaukar ido, fuskarsa cike da tausayi irin na wanda ya zo duba mara lafiyan da yake jiran gadonsa.

"Abin ya yi mini ciwo," in ji shi. "Amma log ba ya ƙarya. Ni nake koya wa mutane haka."

Manaja ya turo mini takarda. An riga an buga, an bar mini wurin sa hannu. Wai ni na sa rariyar bisa kuskure, allon ba shi da laifi, na amince in ajiye aiki cikin mutunci.

"Zuwa gobe ƙarfe goma," in ji Manaja. "Ranar Alhamis za a sabunta kwangilar allo, ba ma son ƙura."

Ban kai bakin titi ba wayata ta yi ƙara.

*Gimbiyata, kar ki sa damuwa. Ki sa hannu kawai a wuce wurin.*

*Ai dama bayan biki ba za ki ci gaba da zaman gadin talabijin ba.*

*Na roƙi Manaja ba zai kai maganar gaba ba. Kin ga amfanin miji.*

Sai hoton zuciya, kore. Ban san ma akwai koriyar zuciya a waya ba sai a kan mutumin nan.

Na isa gida wajen biyar. Falonmu kun san shi, kujeru uku masu ruwan ƙasa da Mama ta ɗinka wa riguna, teburin tsakiya mai ƙafa ɗaya gajera da muka tallafa da tsohon ƙamus, labulen da Gwaggo ta sauya ba da izinin kowa ba. Baba na kujerarsa ta jikin taga, tabarau a karan hanci, littafi a cinya.

Sai na yi muku bayanin littafin nan. Baba ya yi shekara talatin da ɗaya a gidan ruwa, yana rubuta abin da mita ta nuna duk awa. Da Mama ta kwanta a asibiti, na'urar da ke gefen gadonta tana yawan ƙara, sai wani ya rage mata murya don tana damun mutane. Takardar da suka ba mu daga baya ta ce ba a ga wata alama ba. Baba bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Ya sayi littafi mai bango baƙi, tun ranar yake rubuta duk abin da ya faru a gabansa da lokacinsa. An ɗauke wuta. An kawo wuta. Maƙwabci ya ari tsani. Tsani bai dawo ba. Yanzu yana kan littafi na arba'in da shida. Gwaggo na kiran abin ciwo.

Na zube a ƙasa kusa da ƙafarsa, ko mayafi ban cire ba.

"Baba, Asabar ta sati uku da suka wuce, ƙarfe huɗu da ashirin da huɗu, ina ina?"

Bai tambaye ni dalili ba. Ya lashi yatsa ya koma baya, shafi, shafi.

"Huɗu da biyar, baƙo ya zo. Turarensa ya riga shi da minti ɗaya. Huɗu da sha tara, Gwaggo ta ja Auta ɗaki, ta ce rigar jikinta ta masu gyaran famfo ce. Huɗu da ashirin da biyu, baƙo ya jawo kwamfutar Auta daga tebur, ya ce zai duba sakamakon ƙwallo. Ya soka mata wayarsa. Huɗu da ashirin da tara, ya mayar. Na tambaye shi nawa aka tashi, ya ce ɗaya da ɗaya." Baba ya dube ni ta saman tabarau. "Ba a yi wasa ranar ba, na saurari rediyo. Huɗu da talatin da ɗaya, Auta ta fito da koriyar riga, fuska kamar an aike ta ta'aziyya."

Ga ikirarina, tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba. Ni ce na manna takarda a ƙofar ofishinmu mai cewa kada kowa ya tashi ya bar kwamfuta a buɗe. Ni na buga ta, ni na sa mata jan layi. Ranar ina aiki daga gida, Gwaggo ta finciko ni tana cewa zan kunyata zuri'a, na tashi na bar ta a buɗe a gaban baƙo, don in je in sa rigar da ke matse ni a hammata.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na faɗa wa Gwaggonki. Ta ce tsufa ne."

Na jawo kwamfutar. Ita ma tana da nata log ɗin, ƙarami, wanda ba mai kula shi. Duk abin da aka soka mata sai ta rubuta sunansa. Na gangara zuwa Asabar ɗin. Huɗu da ashirin da biyu da daƙiƙa arba'in, an haɗa wata na'ura. Sunanta, kamar yadda mai ita ya raɗa mata da hannunsa: Wayar Babban Injiniya. Huɗu da ashirin da tara, an cire.

Mutumin da ke yawo ofis-ofis yana wa'azin cewa komai na barin sawu, ya share sawun na'urori arba'in, ya manta da 'yar kwamfutar da ya ɗora a cinyarsa. Kuma ko a waya bai iya zama injiniya kawai ba, sai babba.

Na duba tawa wayar. Huɗu da ashirin da biyar na tura wa aminiyata hotona a gaban madubin ɗaki cikin koriyar rigar, na rubuta, *Kalli yadda aka naɗe ni kamar kyautar da za a mayar kanti.* Ta amsa, *Ki yi numfashi a hankali kar zip ya kashe wani.*

Gwaggo ta fito daga kicin da farantin kofuna, na karanta mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye farantin.

"To shi ne me? Namiji ya taɓa kwamfutar matar da zai aura, sai a tara gari?"

"Gwaggo, sakamakon mutum ɗari uku da sha biyu ya ɓata."

"Sun mutu?"

"Ban sani ba."

"Tunda ba ki sani ba, lafiyarsu ƙalau. Ke matsalarki bincike. Duk macen da kika gani a ɗakinta, akwai abin da ta ƙi dubawa. Yaya, ka yi mata magana mana! Gobe ƙarfe biyar kawunnan Injiniya za su zo neman auren Auta, ka zauna kana rubuce-rubuce kamar ɗan jarida."

Baba ya dubi agogo, ya rubuta wani abu.

"Me ka rubuta?"

"Biyar da arba'in, Gwaggo ta ce lafiyarsu ƙalau."

Washegari na sa rigar masu gyaran famfon, shuɗiya mai aljihu biyu, na ɗaura baƙin ɗankwali. Tara da rabi ina kan kujerata. Abu na farko, na fitar da jerin mutum ɗari uku da sha biyun, na tura wa kowane asibiti nasa, da bayanin su sake turowa su kuma kira masu su. Wannan aikina ne, ba ya buƙatar izinin kowa, kuma saƙon da ya fita ba ya dawowa. Abu na biyu, goma saura minti biyu, da na hango Manaja da Injiniya sun taho da takardarsu, na cire rariyar.

Kukan da na'urar ta rubuta na sati uku ya kwararo allo gaba ɗaya. Ban taɓa ganin ja irin wannan ba. Akwati ɗaya, biyu, sai layi guda, ƙararrawar da aka manta da muryarta ta fara ihu. Masu shan shayi suka miƙe tsaye.

"Wa ya ɓata mana allo?" in ji Manaja, har biskit ɗinsa ya faɗi.

"Ba a ɓata shi ba, Yallaɓai. Yau ya fara aiki."

Na jera masa takardu uku a tebur. Log ɗin kwamfutata, hoton shafin Baba, da hotona a gaban madubi, duk da na so a ce duniya ba ta ga rigar nan ba. Na ja layi a ƙarƙashin lokutan. Manaja ya bi su da yatsa, leɓensa na motsi.

Injiniya ya yi 'yar dariya. "Haba, Yallaɓai. Littafin tsoho mai fansho za mu kawo cikin maganar fasaha?"

"Tsohon yana gaishe ka," na ce. "Ya ce har yanzu yana neman wasan da aka tashi ɗaya da ɗaya."

Manaja ya ce, "Injiniya, ina wayarka? Me sunanta?"

"Sunan waya kuma? Kowa na iya..."

"Soka ta a nan mu gani."

Bai soka ba. Ya tuna yana da wani taro, ya fita da sauri har ya bar tabaransa na rana.

Kada ku ɗauka an ɗaga ni sama ana tafi. Manaja ya yaga takardar ajiye aikin, gaskiya ne. Ya kuma ba ni hutun dole na sati ɗaya saboda barin kwamfuta a buɗe, ya ce in cire takardar ƙofar nan in kai gida in manna. Ban yi musu ba, na cancanci wannan. Kwangilar Alhamis kuwa, ya ce za a duba, da irin muryar da ake cewa za a duba ɗan da ya yi sata amma ana ƙaunarsa. Da zan fita ya biyo ni har bakin ƙofa, ya rage murya.

"Yanzu ba yadda za a yi ya koma kore kafin manya su zagayo?"

"Akwai. A ƙara wa na'urar ma'ajiya, ta daina zubar da sakamakon mutane."

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

A mota nas ɗin nan ta kira. Sun sami matar mai jariri, an sauya masa magani. Ta ce sauran suna ta kira, wasu wayarsu ba ta shiga. Ban san yadda suke ba, kuma ba zan ce muku lafiyarsu ƙalau ba.

Sai ga saƙo.

*Abin da ya faru a ofis na ofis ne. Kawunnaina suna hanya, biyar kamar yadda aka tsara. Ban gaya musu komai ba, ke ma kar ki gaya.*

*Na yafe miki.*

*Mu buɗe sabon shafi.*

Na shiga gida biyar saura kwata. An goge falo, an fesa turare, an jera kofunan gilashin Mama da ba a taɓa sai da dalili. Koriyar rigar na shimfiɗe a kan gadona an goge ta. Gwaggo ta sha ado tana ta walwala, irin walwalar wanda ya gama wani aiki. Baba na kujerarsa, littafi buɗe a cinya, yana shafa tsakiyarsa da yatsa.

"Auta, zo ki ga. Daga shafi na hamsin da takwas sai na sittin da ɗaya."

An yanke takardar tsaf da reza, har gindi.

"Ni ban san komai ba," in ji Gwaggo daga bakin kicin, ba wanda ya tambaye ta. "Wataƙila ɓera ne. Kuma hoton waya ai kowa na iya haɗawa, dattawa ba sa kallon irin wannan."

"Ɓera mai reza," in ji Baba. Ya dubi agogo ya rubuta.

Daga nan ya sunkuya da kyar, ya jawo wata tsohuwar jakar fata daga ƙarƙashin kujera. Cike take da siraran takardu, an ɗaure su wata-wata da zare, rubutun shuɗi-shuɗi.

"Yaya, mene ne wannan?"

"A gidan ruwa ba a rubutu sai da takardar kabon a ƙasa, don a sami kwafi. Ɗaya na ofis, ɗaya na mai rubutu. Shekara talatin da ɗaya, kin taɓa ganin na sauya hali?"

Mota ta tsaya a waje. Ƙofofi huɗu suka buɗe suka rufe, turaren nan ya shigo ta taga. Gwaggo ta dafe bango.

Baba ya zaro takarda ɗaya daga ɗaurin, ya shimfiɗa ta a gwiwa, ya goge tabarau da bakin riga.

"Biyar da bakwai," ya ce, yana rubutawa. "Auta, kar ki sauya rigar nan ta jikinki, je ki buɗe musu. Ki ce su zauna kusa da ni. Muryata ba ta da ƙarfi, kuma ba na so wani ya ce bai ji ba."